Ƙarfin Sidi: Gaskiya da Ƙanzon Kurege a Bakin Mutanen Anloga

Tsakanin Afrilu da Yuni na 2025 dalar Amurka ta sauko daga wajen sidi 15 da rabi zuwa sidi 10 da 'yan kai. Tun daga nan maganar ba ta kwanta ba a nan Anloga ta ƙasar Gana, daga rumfunan kafintoci har bakin masallaci bayan la'asar. Wasu zantukan gaskiya ne, wasu rabi da rabi, wasu kuwa babu ƙamshin gaskiya a cikinsu.

Wanda aka fi ji shi ne, tun da sidi ɗaya na sayen naira fiye da 100, Gana ta fi Nijeriya arziki. Wannan lissafin bai hau ba. A watan Yuli na 2007, zamanin Shugaba Kufuor, aka datse sifili huɗu daga kuɗin, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwa ɗaya. Shi ya sa har gobe tsofaffinmu ke kiran sidi 100 "miliyan ɗaya". Sidi ɗaya ta fi yen ɗin Japan ɗaya, amma ba mai cewa mun fi Japan. Abin dubawa shi ne inda kuɗin ya dosa. A 2007 sabuwar sidi ta ɗan ɗara dala. A ƙarshen 2024 sai ka ƙirga kusan 16 kafin ɗan canji ya miƙo maka dala guda.

Sai masu cewa dala ta faɗi, don haka duk ɗan kasuwar da bai rage farashi ba azzalumi ne. Akwai gaskiya a nan: man fetur ya sauka, kuma a watan Mayu na 2025 ƙungiyoyin direbobi sun rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari. Amma a dubi mai shagon da ya cika sito da ƙusa, fata da fenti lokacin dala na sidi 15. In ya sayar a sabon farashi, uwar kuɗinsa ce za ta tafi. Mai albasa ma nasa lissafin daban ne. Buhun da ya ɗoro daga Galmi da sefa ya biya, sefa kuwa a ɗaure take da yuro, shi kuma yuro ya ƙara daraja a kan dala a 2025, don haka sauƙin da ya samu bai kai na mai sayayya da dala ba. Ba na wanke kowa. Akwai masu saurin ƙari da nawar ragi, kuma mun san su. Haka nan saukowar hauhawar farashi daga kashi 54.1 a Disamban 2022 zuwa 13.7 a Yunin 2025 ba ya nufin kaya sun yi araha. Tashin ne ya rage gudu.

An kuma ce ƙarfin sidi ne ya sauko da kuɗin kujerar Hajji daga sidi 75,000 zuwa 62,000. A'a. An sanar da wannan ragin tun farkon 2025, kafin dala ta karye.

Maganar da ta fi damuna ita ce wai sidi mai ƙarfi alheri ce ga kowa. A tambayi Hajiyar da ɗanta ke aiko mata da dala 100 daga Bronx ta Amurka duk wata. Da sidi 1,500 da ɗoriya take karɓa, sai ga shi ta koma 1,000 da kaɗan, alhali kuɗin haya da na makarantar jikoki suna nan inda suke. Masu fitar da kaɗanya da yazawa waje su ma sun ji a jikinsu. Shugaba Mahama da kansa ya ce abin da ya dace shi ne dala ta zauna tsakanin sidi 10 da 12, don kada masu fitar da kaya su durƙushe.

To, su masu cewa duk dabo ne, Babban Bankin Gana ne kawai ya zuba dala a kasuwa? Ya zuba kam, da yawa. Sai dai dalar tana da tushe. Zinariya ta haura dala 3,000 kan kowane oza a watan Maris na 2025, sayen zinariyar cikin gida da bankin ya fara tun 2021 ya ƙara wa taskarsa nauyi, sannan aka kafa hukumar GoldBod ta riƙa sayen ta ƙananan masu haƙa. Ga rancen dala biliyan 3 da asusun IMF ya amince da shi a Mayun 2023. Galibin ƙarfin a kan zinariya ya jingina, farashinta kuwa a kasuwannin Landan da New York ake yanka shi, ba a mahaƙarmu ta Obuasi ba.