Arba'in ɗin Maijego: A Riƙe Hutun, A Rage Wutar

Bahaushe bai taɓa ɗaukar haihuwa abin da ke ƙarewa ranar da mace ta sauka ba. Tun kafin a san asibiti, ya ware wa maijego kwana arba'in: a ɗauke mata daka da girki, a nemo dattijuwar da za ta tsaya a kanta, idan haihuwar fari ce ma a maida ita gidan iyayenta wankan gida. Likitocin yau, da duk na'urorinsu, kusan wannan adadin suka tsayar, domin sun ce jikin mace na bukatar mako shida, wato kwana 42, kafin ya koma daidai. Saboda haka duk mai cewa jego camfi ne bai san abin da yake faɗa ba. Abin da nake gani shi ne, amfanin jego yana cikin hutun da kulawar, amma mun fi ba da ƙarfi ga tafasasshen ruwa da kanwa, waɗanda su ne suka fi kusa da cutarwa, mun kuma bar abin da ya fi ceton rai, wato a duba lafiyar maijego tun ba ta kwanta ba.

Sai an san aikin da jiki yake yi a waɗannan makonni za a gane dalili. Mahaifar da ta ɗauki ɗa takan kai nauyin kilo 1 a lokacin sauka, kuma cikin mako shida take tsukewa ta koma ƙasa da giram 100. Wannan tsukewar ce ke kawo murɗar mara, musamman lokacin shayarwa, kuma ta fi tsanani ga wadda ta yi haihuwa da yawa. Inda mabiyiya ta ɓanɓare akwai ɗanyen rauni a cikin mahaifa, daga nan jinin biƙi yake fitowa, ja da farko, sannan ya dusashe a hankali. Ga wadda ta ƙaru ko aka yi wa ɗinki, ga wadda aka yi wa aiki. Sai babban abin da ido ba ya gani: a lokacin goyon ciki yawan jinin mace kan ƙaru da kusan rabin yadda yake, bayan haihuwa kuma dole jiki ya fitar da wannan rarar ruwa ta fitsari da gumi. Zuciya da ƙoda ne ke ɗauke da wannan aiki, alhali zuciyar ta yi wata tara tana aikin mutum biyu.

A nan ne al'ada ta yi dabara, kuma ya kamata a yaba mata. Macen da aka ɗauke wa surfe da ɗiban ruwa ta sami damar warkewa. Ƙauri da farfesu da gasasshen nama suna maida jinin da ya zuba, kunu yana ba ta ruwan da nono ke bukata. Kasancewar uwa ko gwaggo kusa da ita dare da rana yana rage kaɗaicin da ke jefa wasu matan cikin baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwa, ciwon da ake yawan danganta shi da iska alhali yana da magani. Matan da ke haihuwa a birni, a ɗaki ɗaya, ba mai kama musu ko wankin tsumma, su suka fi kowa sanin darajar abin da suka rasa.

Matsalar tana wajen wuta. A wankan jego na asali, safe da yamma ake tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya, maijego ta riƙa fyaɗa wa jikinta. A wasu wurare kuma akan kwantar da ita a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, sannan a bi ta da kunun kanwa mai kauri, duk don a kori sanyi a kawo ruwan nono. A shekarun 1970 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata sama da 200 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suna zuwa da kumburi da haki da tari. An ƙiyasta cewa kusan mace 1 cikin 100 na kamuwa da wannan ciwo a yankin, adadin da ya ninka na ƙasashen Turai sau da yawa, kuma wani bincike da aka yi a Sakkwato daga baya ya samu kusan haka. Bayanin da likitocin biyu suka bayar mai sauƙin ganewa ne. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa a daidai lokacin da yake ƙoƙarin fitar da shi. Zafi mai tsanani kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, ya tilasta wa zuciya ƙara gudu. An haɗa wa gajiyayyen jaki kaya biyu ke nan a kan hawa.

Za a ce, kuma ana faɗa, kakanninmu sun yi wankan jego sun haifi goma, ga su nan da ƙarfinsu. Gaskiya ne, mafi yawan mata kan yi wankan su tashi lafiya. Sai dai waɗanda muke gani su ne waɗanda suka rayu. Wadda ta kumbura ta rasu kafin arba'in ba ta nan balle ta ba da labari, kuma a lokacin akan ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba, sai a ƙara wa ta gaba wuta. Akwai kuma wata hujja da ta fi wannan nauyi, ba zan ɓoye ta ba. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa wanka da kanwa ba su isa su bayyana ciwon ba. Ya gano cewa rama, talauci, hawan jinin masu ciki da ƙarancin wani sinadarin abinci mai suna seleniyam suna da hannu ƙwarai. Wannan bai wanke kanwa ba a ganina, ya dai nuna cewa zuciyar matanmu da yawa tana isowa jego a raunane. Ko wane ne asalin ciwon, babu likitan da zai ba mai raunin zuciya ko mai hawan jini gishiri cokali-cokali, kuma a gida babu mai iya gane wace ce mai raunin. Ga ƙunar fata da ake gani a asibitoci, ga ɗinkin da ke warwarewa saboda zama cikin ruwan da ya wuce kima.

Ba ana cewa a hana maijego ruwan ɗumi ba ne. Ɗumi yana sassauta gaɓoɓi, yana kawo barci, tsabta kuma tana kare rauni daga ruɓa. Ma'aunin shi ne ruwan da mai wankan za ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar shi a ciki ba tare da ta janye ba. Kunu a dama shi da gero ko gyaɗa ko tsamiya, a bar kanwar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2022, ta amince da farasitamol don zafin ɗinki, har ma da ɗora ƙyalle mai sanyi a wurin, abin da zai ba iyayenmu mamaki amma yana rage kumburi da raɗaɗi. Ta kuma ba da shawarar shan maganin ƙarin jini na mako 6 zuwa 12 a inda ƙarancin jini ya yawaita, mu kuwa muna ciki. Hutu ma ba kwanciya ba ce wuni guda. Ɗan zagayen tsakar gida yana hana jini daskarewa a ƙafa, kayan lambu da ruwa kuma suna sauƙaƙa bayan gida, wanda mai ɗinki ke jin tsoronsa ba ta iya faɗa.

Babban giɓin da ke cikin jegonmu shi ne rashin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba maijego cikin awa 24 na farko, a sake tsakanin kwana 2 da 3, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sai kuma a mako na shida. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 42 cikin 100 na mata kawai aka duba cikin kwana biyu da haihuwa, a Arewa maso Yamma kuwa haihuwa 16 cikin 100 ce aka yi a asibiti. Mafi yawan matan da haihuwa ke ɗauka ba a kan gwiwa suke tafiya ba, bayan an yi barka ne, wasu ma ana shirin suna. Jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa guda ko yake zuwa guda-guda, zazzaɓi da warin biƙi, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani wanda kan riga jijjiga, hakin da ke hana kwanciya sai a zaune, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, babu ɗaya daga cikinsu da ke jiran arba'in. Amma sau nawa ake cewa maijego ba ta fita, ko a ce a ƙara mata wanka tukuna?

Wani zai ce asibiti da nisa, kuɗi kuma babu, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, dole a ci gaba da tuna mata. Sai dai a duba abin da maigida yake kashewa a itacen wanka na kwana arba'in, da ragon suna, da kayan fitar suna. Kaɗan daga ciki ya isa kuɗin mota zuwa asibitin sha-ka-tafi a auna jinin matarsa, a duba ɗinkinta, a saurari ƙirjinta. Ungozoma da uwar miji, waɗanda maganarsu ce ke aiki a ɗakin maijego, su ya kamata ma'aikatan lafiya su fara zaunarwa tun ranar awo, a nuna musu alamun nan ɗaya bayan ɗaya, domin su ne ke kusa da ita da tsakar dare lokacin da hakin yake farawa.