Dara: Gwani da Ƴan Kallo

A Madarunfa, idan la'asar ta yi sanyi, gurabe 30 da aka tona a ƙasa kan tara jama'a. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Yaro ma ya san wannan. Wuyar tana wajen ƴan kallo: wannan ya yi tsaki, wancan ya jefa habaici, har gwani ya ɗaga kara bai gama lissafi ba.

A teburin sunuka ma haka ne. A Ingila, a wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1985, Steve Davis ya yi gaba da ci 8 da 0. Da aka zo kan baƙar ƙwallon ƙarshe sai ya kuskure rami, Dennis Taylor ya ɗauke kofin da 18 da 17.