Kukan Bel Ba Bugun Inji Ba Ne

Jama'a, dillalan mota na Yola, Ƙaraye da Rogo, a saurara. Sau da yawa tsohuwar mota takan yi ƙara da ƙaurin roba, mai saye ya ce inji ya buga, ya karya kuɗinta. Alhali famfon iska ne kawai ya cije.

Wannan famfo an fi samunsa a motocin da aka ƙera don Amurka, inda aka fara sa shi a Kalifoniya a 1966. Aikinsa hura iska cikin bututun hayaƙi don ragowar fetur ya ƙone. Bel ke juya shi. In ya cije, bel ya goge ya tsinke. In kuwa bel ɗaya suke da famfon ruwa, nan take inji zai yi zafi.

Ana iya cire shi a gida. A bar inji ya huce, a cire kan batir. A jiƙa notuna da kananzir su kwana, kada a tilasta musu su karye. A sassauta bel, a zare tiyo, a kwance famfon. Bututun da ya shiga wajen hayaƙi a toshe shi tam, in ba haka ba hayaƙi mai zafi zai riƙa fitowa. A auna hanyar bel da igiya, a sayo gajere daidai ita a Ƙofar Ruwa.

Amma mu sani, hayaƙinta zai ƙara guba. In an samu wani famfon, a mayar. Dillali kuma ya faɗa wa mai saye an cire. Ciniki da ɓoye aibu ba ya albarka.