Siffofin Ƙwayoyin Bakteriya

'Yan'uwa malamai da ɗalibai, in yaro ya tambaye ku kamannin ƙwayar cuta, me za ku zana masa a allo? Ga abin da madubin likita ya nuna game da irin da a ke kira bakteriya. Ƙanana ne ƙwarai, sai an jera wajen 1,000 kafin su cika milimita ɗaya. Wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu a 1676.

Waɗansu kewayayyu ne kamar ƙwayar gero, kuma yadda su ke zama ma abin lura ne. Na sanƙarau bibbiyu su ke tafiya, kamar wake biyu sun fuskanci juna. Su ne suka yi ɓarna a Kano da sauran ƙasar Arewa a 1996, har mutum fiye da 11,000 suka rasu. Masu kawo maruru curewa su ke yi wuri guda, na ciwon maƙogwaro kuwa sai su yi jeri kamar carbi.

Waɗansu dogaye ne kamar tsinken ashana, watau irin na tarin fuka da kuturta da taifot. Amma kada a yi musu kuɗin goro, gama waɗansu daga cikin masu mai da madara kindirmo ma haka siffarsu ta ke, ga shi kuwa muna dama fura da su lafiya lau.

Sa'an nan akwai masu lanƙwasa. Ta tunjere a murɗe ta ke kamar waya da aka naɗa a jikin fensir. Ta kwalara kuwa kamar waƙafi, da 'yar wutsiya guda wadda ta ke iyo da ita. Ita ce ta ratsa Nijeriya a 2021, har da nan yankin Abuja, ta hanyar ruwan sha, wanda a ido sau da yawa garau ya ke.

Siffa fa somin taɓi ce kurum. Don haka a ɗakin bincike, irin na Hukumar NCDC da ke Gaduwa, a kan rina ƙwayoyin, a kiwata su, a gwada su da magani, kafin a ce ga cutar.

Abin da ke riƙe siffar wani bango ne mai tauri da ya kewaye ƙwayar. Penisilin hana ginin bangon nan ya ke yi, ruwa ya kwarara ciki, ƙwaya ta kumbura ta fashe.