Ko Kun Sani? Shayi da Ti Uwarsu Ɗaya

Ko kun san cewa "shayi" da "ti" kalma ɗaya ce da ta rabu gida biyu? Asalinta daga ƙasar Sin ne. A rubuce alamar ganyen ɗaya ce, amma a baki sai ta bambanta: mafi yawan Sinawa suna cewa "ca", mutanen gaɓar tekun lardin Fujiyan kuma su ce "te".

Ayarin fatake da suka bi ta tudu suka ɗauki "ca" zuwa Farisa, inda ta koma "cay". A haka Turkawa da Rashawa da Indiyawa suka karɓe ta. Larabawa ba su da harafin "c" a daidaitacciyar Larabci, sai suka ce "shay", Bahaushe ya ƙara mata wasali ta zama "shayi".

Ita kuwa "te" jirgin ruwa ta hau. 'Yan kasuwar Holan, waɗanda suka fara kai ganyen Turai wajen 1610, su suka yaɗa ta, Faransawa suka ce "te", Ingilishi suka ce "ti". Fotugal ce ta fita zakka: ko da yake ta ruwa ta samo ganyen, "sha" take cewa, don a Makawo, inda ake cewa "ca", ta yi cinikinsa.

Ke nan in ka zauna a teburin mai shayi ka ce a haɗa maka ti da burodi, kalmomin biyu sun sake haɗuwa a bakinka.