Auna Ƙarfin Ɓangare Kafin a Sa Zare: Damben Kaka a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Damben gargajiya wasa ne na mutum biyu, amma kowane ɗan dambe yana shiga fili ne da sunan ɓangarensa, wato rukunin 'yan wasan da ya taso a cikinsu yake kuma kare martabarsu, kuma ɓangarorin da aka fi sani a yau su ne Kudu da Arewa da Guramada da Jamus. Idan za a kafa dambe na kwanaki a gari, tambayar da ke yawo a majalisu da tashoshin mota da rumfunan mahauta ita ce wane ɓangare ne zai fita da rinjaye, amsar da aka saba ji kuwa ita ce a ambaci gwarzo guda, a ce tunda wane zai zo magana ta ƙare. Wannan awo yana da rauni, domin abin da ke raba gardama a wasan kwanaki shi ne yawan hannuwan da ɓangare zai iya kaiwa ranar ƙarshe da lafiyarsu.

Kudancin Katsina wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, saboda dambe tun asali wasan kaka ne, wanda mahauta suka fi shahara da shi, suna bin garuruwa bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da jama'a ke da sukuni da ɗan abin da za su yi wa gwani kyauta. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tare da Bakori da Danja da Kafur da Dandume, ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya, kuma daga watan Oktoba zuwa Disamba kuɗi ke shigowa hannun manoma. Funtuwa kuma mahaɗa ce, inda hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta gamu da wadda ta nufi Katsina ta Malumfashi, don haka 'yan wasa daga gabas da yamma ba sa shan wahalar isowa.

Kafin a iya auna kowane ɓangare, wajibi ne a fahimci abin da wasan ke yi wa jikin mai yinsa. Ɗan dambe yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyallen da ake kira kara, sannan ya ɗaure shi tamau da zare, wannan hannu shi ne mashi, ɗayan kuwa da yake miƙawa gaba a buɗe domin tare duka da auna tazara shi ne garkuwa. Ana yin wasa turmi uku, turmi kuwa shi ne zagaye guda na fafatawa, kuma ana samun nasara ne da kisa, wato a kai abokin karawa ƙasa, ko da gwiwarsa ce ko hannunsa ya taɓa ƙasa. Abin lura shi ne duk ƙarfin naushi daga hannu ɗaya yake fita, kuma hannun da aka matse da zare aka yi ta kai naushi da shi yakan kumbura, gaɓoɓin yatsu su yi tsami, fata ta tsage musamman a lokacin hunturu. Gwarzon da ya yi turmi uku masu zafi ranar farko ba shi ne mutumin da zai dawo fili washegari ba, ko da kirarinsa bai canja ba.

Masu nazarin wasanni a wasu ƙasashe sun daɗe da gane irin wannan matsala, kuma misali mafi kusa shi ne wasan besbol na jami'o'in Amurka, wanda ake jefa ƙwallo a doke ta da kulki, mutum tara a kowane gefe. A can ƙungiyoyi biyu sukan kara sau uku a jere, yawanci Juma'a da Asabar da Lahadi, wanda ya ci biyu shi ne ya yi rinjaye, kuma ƙungiyoyi takwas da suka fi kowa su ne ke haɗuwa a birnin Omaha na jihar Nebraska, inda ake kammala gasar ƙasa tun shekarar 1950. Majefi, wato wanda ke jefa ƙwallon, shi ne ginshiƙin wasa, amma hannunsa ba ya jure aikin kwana biyu a jere, saboda haka ana fito da gwanin ƙungiya ranar Juma'a a bar shi ya huta kusan mako guda. Wannan ya sa mai hasashen kirki a can ba ya tsayawa kan majefin Juma'a, sai ya tambayi wanda zai jefa ranar Lahadi da kuma waɗanda ke zaune suna jiran a kira su idan na farko ya gaji. Tambayar da ta kamaci mai kallon dambe a Malumfashi ke nan, domin ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Sunayen 'yan dambe kansu suna taimaka wa mai son amsa wannan tambaya. Idan aka ji ana kiran yaro shagon wane, ko autan wane, ko garkuwan wane, ana nuna ubangidan da ya rene shi ne a wasa, kuma ɓangaren da ya sauka da irin waɗannan yara da yawa, waɗanda suka wuce koyo amma ba su kai a cika fili dominsu ba, shi ne ke da abin fitarwa a rana ta uku da ta huɗu. Manyan suna irin su Dogo Mai Takwasara da Ali Ƙanin Bello su ke jawo jama'a su sayi tikiti, kamar yadda sunan Shago ya cika ƙasar Hausa a zamaninsa har waƙar Ɗan Anace ta dawwamar da shi, amma babban ɗan wasa wasa ɗaya yake yi a yini idan ya yi, sauran wasannin kuwa na matsakaita ne, kuma a nan ake tara yawancin kisan da 'yan kallo ke ƙirgawa.

Ƙirgen kisa ma yana yaudara idan ba a bi shi da tambaya ba. Wasanni da dama sukan tashi babu kisa, don haka ɗan wasan da aka ce ya yi kisa uku a jere sai an bincika su wa ya kayar, da kuma wasa nawa ya yi kafin ya same su, domin kayar da sababbin shiga uku bai kai yin turmi uku babu kisa da gogagge ba. Haɗin ma ba a banza yake zuwa ba, tunda a tsarin gargajiya ɗan wasa na iya neman wani ya ƙi amsa masa, kuma iyayen gida sukan hana yaronsu sa zare da wanda suka san ya fi ƙarfinsa, abin da ke nufin cewa dattijon da ke zaɓa wa ɓangare abokan karawa yana da rabo a nasara kamar mai dukan. Bahago, wato mai ɗaure hannun hagu, yakan rikita wanda ya saba da na dama saboda mashin yana zuwa ta gefen da bai saba tarewa ba, dogo kuma yana da ribar tazara a kan gajere, sai dai idan gajeren ya iya kutsawa ƙarƙashin garkuwa. Ɓangaren da ya haɗa waɗannan nau'o'i yana da amsa ga duk wanda aka fito masa da shi. Gasannin zamani da suka shigo da ajin nauyi da ƙayyade lokacin turmi sun rage wannan dabara, amma ba su kawar da ita daga filayen karkara ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin saurayin da ya fito daga yankan dawa da ɗaukar buhuna, mai ƙarfi amma wanda ya yi watanni bai sa zare ba, da wanda ke wasa duk shekara a gidajen damben Kano ko na Dei-Dei a Abuja, wanda idonsa ya saba da ganin duka kafin ya iso. Na gida yana da jama'arsa da makaɗin da ya san takensa, kuma kalangu yana ƙara zuciya, ko da yake yakan tura yaro ya afka inda ya kamata ya jira. Matsalar tsaro da ta addabi sassan Faskari da Sabuwa da Dandume a shekarun nan ita ma ta shiga lissafi, domin jerin sunayen da aka yi shela ba lalle ne ya zama jerin waɗanda suka iso ba.

Babban gibin da ke hana wannan awo inganta shi ne rashin rubutaccen tarihi, domin yayin da jami'o'in Amurka ke ajiye lissafin kowane jifa, tarihin ɗan dambe yana kan makaɗa da tsofaffin 'yan kallo ne, su kuwa sun fi riƙe ranar da gwaninsu ya yi kisa fiye da ranar da aka kai shi ƙasa. Bidiyon waya da tashoshin YouTube irin su Dambe Warriors sun fara cike wannan gibi, har mai so yana iya ganin yadda yaro ya taka ƙafa a wasanninsa na baya. Amfanin ajiye irin wannan tarihi ya wuce hasashe, domin ɗan wasan da ya sha mummunan duka a ka a wani gari yana iya bayyana a Funtuwa bayan kwana biyu babu wanda ya sani, alhali likitoci sun tabbatar cewa duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Mai auna ɓangare ya kamata ya cire irin wannan yaro daga lissafinsa, masu shirya wasa kuma su hana shi ɗaura zare har sai ma'aikacin lafiya ya duba shi.