Masu Siririyar Ƙafa Da Takalmin Hawan Keke A Dundaye

Daga Wakilinmu, Sakkwato

Ko da yake 'yan kabu-kabu sun cika titunan Sakkwato, har yanzu keke bai rasa matsayinsa ba a Dundaye, garin nan na Ƙaramar Hukumar Wamakko da ke maƙwabtaka da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Manoman fadama da leburori da ƙananan ma'aikata, da yawansu bisa keke suke ƙetare kogin Rima su shiga birni, su komo da yamma. Mai keke yakan kula da taya da birki da sarƙa, amma ba safai yakan tuna da abin da ke tsakanin ƙafarsa da feda ba, watau takalmi.

Wanda wannan sakaci ya fi cuta shi ne mutumin da Allah ya yi wa siririyar ƙafa. Takalmi ya yi masa daidai a tsawo, amma ƙafar tana yawo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Duk sa'ad da feda ta juyo sama sai diddige ya ɗago, yatsu kuma su ƙanƙame don kada takalmin ya kuɓuce, kafin a kai Babbar Kasuwa bororo ya fito, tafin ƙafa ya ɗauki zogi. Wannan ma da sauƙi. Babban haɗarin shi ne mutum ya miƙe bisa feda wajen hawan tudu, ga buhun albasa a kariya, ƙafa ta zame masa a tsakiyar motoci. Masu hawa da silifas kuwa, nasu sai addu'a.

Asalin matsalar a lamba take. Lambobin nan 40 da 41 da 42 da ake bugawa a ƙarƙashin takalmi lissafin Turai ne, kuma tsawo kaɗai suke nunawa. Tsakanin lamba da mai bi mata kashi biyu ne cikin uku na santimita, watau lamba uku ke ba da santimita 2. Faɗin ƙafa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Saboda haka idan mai siririyar ƙafa ya bi shawarar ɗan kasuwa ya rage lamba don takalmi ya kama shi, tsawon ya rage alhali faɗin ne ya dame shi. Sa'an nan ga zafin Afrilu a Sakkwato, wanda kan haura digiri 40, ƙafa ta kumbura, babban yatsa ya yi ta dukan bakin takalmi har farce ya yi baƙi. Wasu kamfanonin Amurka sukan ƙara harafi kusa da lamba: a takalman maza D matsakaici ne, B kuma siriri. Mai zaɓe a tulin gwanjo ya ɗaga harshen takalmin ya duba.

A gwanjon dai akan ci karo da takalman 'yan tseren keke, masu taurin ƙasa da ramukan ƙusa. Waɗannan an yi su ne don feda ta musamman mai kama takalmi, irin wadda kamfanin Look na Faransa ya fitar a 1984, Bernard Hinault ya ci gasar Tour de France da ita a 1985, kafin Shimano na Japan ya kawo tasa a 1990. Gaskiya ne yawancinsu matsattsu ne, abin da zai ja hankalin mai siririyar ƙafa, amma bisa fedar Raleigh ko Phoenix santsi kawai za su yi, tafiya a ƙasa da su kuma wahala ce.

Abin da ya fi dacewa shi ne sau-ciki ko kambas mai igiya, domin igiya ce kaɗai ke matse takalmi tun daga gindin yatsu har wuyan ƙafa, mai mannewa kuwa maɗaurinsa kan ƙare ƙafa ba ta kamu ba. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta, da safar da za a riƙa sawa. A bar sararin kamar faɗin yatsa guda a gaba, a yi ɗage a gani ko diddige zai fita. A kuma lanƙwasa shi da hannu: wanda ya naɗe kamar tabarma zai bar ƙarfen feda ya ci tafin ƙafa. Bakin igiya lalle a cusa shi ciki, kada sarƙa ta kama.

Abin mamaki, a garin da fatar jar akuyarsa ta yi suna har Turai, mutane sun fi yarda da lambar da aka buga a wata ƙasa bisa ga awon baduku. Dukawan birni suna iya ɗora ƙafa bisa takarda su zana ta, su ɗinka daidai da ita. Wanda ya riga ya sayi mai faɗi ma ba sai ya yar ba: ya kai a ƙara masa shimfiɗar fata a ciki, a liƙa wata 'yar fata a bayan diddige da ƙarƙashin harshe, sa'an nan ya sake ɗaure igiya ya gwada a hanyar jami'a kafin ya ɗauki kaya.